Tiya Ɗaya a Gonar Ya Bintu

Duk wanda ya tashi a Fagge ya san gidan su Malam Habibullah Wali, gidan nan mai shuɗiyar ƙofa a lungun da ke ɓullewa Titin Ibrahim Taiwo. Gidan alƙalami ne tun asali. Kakansa magatakarda ne, mahaifinsa ya shekara talatin yana koyar da Larabci, 'yan'uwansa kuwa daga malamin makaranta sai ma'aikacin ofis. Shi kaɗai ya karkace ya karanta aikin gona. Har mahaifiyarsu ta koma ga Allah ba ta daina tambayar abin da ya kai shi ba, tunda a duk faɗin gidan ba a taɓa shuka ko tumatir a gwangwani ba.

Shekara talatin da biyar ya yi yana malamin gona, yana zarya tsakanin Fagge da gonakin shinkafa na wajen Kura. Mutumin kirki ne, wannan ba a musu, kuma ya san karatunsa. Aibinsa ɗaya, tsabta ta yi masa yawa. Malam Habibullah zai yini a gona ya dawo gida farar shaddarsa ko ɗigon laka babu. A kan gaɓar fangalin shinkafa yake tsayawa, biro a aljihu, yana nuni da 'yar sanda. Manoma su rusuna su gaishe shi, in ya ba da baya su ce manomin biro ya tafi. Ya san suna faɗa, kuma abin yana ci masa rai fiye da yadda yake nunawa.

Saura shekara shida ya yi ritaya aka tura shi wani horo, ya dawo da salon noman da ya zame masa abin magana har a gidan gaisuwa. Manomanmu sun saba su bar reno ya yi wata guda, su tsigo shi, su cusa huɗu ko biyar a rami ɗaya, kusa da kusa, sannan su cika fangali da ruwa ya kwanta har girbi. Sabon salon kuwa cewa ya yi a ɗauko reno yana ɗan kwana goma, da ganye biyu kacal, a dasa ƙwaya ɗaya tak, a bar taƙi guda tsakaninta da ta kusa da ita ta kowane gefe. Ruwa kuma a ba ta ta jiƙa, a janye, sai ƙasa ta soma tsagewa kaɗan a sake ba ta. A yawaita takin gida, a riƙa cire ciyawa ana motsa ƙasa don saiwa ta sha iska. Iri kaɗan, ruwa kaɗan, amma tushe ɗaya sai ya yi 'ya'ya talatin ko fiye.

Matsalar ita ce makonnin farko. Gonar da aka dasa haka, in ka hango ta daga titi, sai ka rantse mai ita ya fara aiki ne kuɗi suka ƙare masa. Mutane suka yi ta dariya. Amma 'yan tsirarun da suka daure suka bi Malam, da kaka ta zo su suka yi dariya, don buhunan da suka kwashe sun fi na maƙwabtansu nesa ba kusa ba. Malam Habibullah yana da gaskiya a kan wannan salon, kuma ya kamata a faɗa tun da wuri, don abin da ya faru daga baya ba laifin salon ba ne.

Mutum ɗaya ne ya ƙi sallamawa, wato Alhaji Abdulgani, babban manomin da gonarsa ke bakin titi. Duk sanda ya hango Malam sai ya ɗaga murya ya ce, "Malam, yau ma ƙwaya ɗaya-ɗaya za a ƙirga mana kamar carbi?" 'Yan ƙodagonsa su fashe da dariya. Malam ya yi murmushi ya wuce, amma har ya yi ritaya wannan maganar tana nan a maƙoshinsa.

Gida uku ne tsakanin Malam Habibullah da wata maƙwabciyarsa, Ya Bintu. A Fagge aka haife ta, amma iyayenta mutanen Barno ne, shi ya sa babba da yaro ba mai kiran sunanta ba tare da Ya ba. Sana'arta turara shinkafa: ta sayo shanshera, wato shinkafar da ba a cire wa ɓawo ba, ta jiƙa, ta turara, ta shanya, a kai inji, sannan a kai wa masu sayarwa a kasuwar Sabon Gari. Mijinta ya rasu ya bar mata eka ɗaya a wajen Kura, jikin gonar Alhaji Abdulgani. Ciwon gwiwa ya hana ta zuwa sosai, sai ta damƙa gonar a hannun wani dattijo mai ban ruwa.

A wannan gonar, kowace shekara, akan ware fangali ɗaya don wata jar shinkafa gajeriya da ba a sayarwa. Mahaifiyar Ya Bintu ce ta zo da irinta daga ƙauyensu, ƙulle a bakin zane, shekarar da ta tare a Kano. Ba wanda ya san sunanta na littafi, a gidan jar Inna ake ce mata. In ana dafa ta, ƙanshin yakan tsallake katanga uku ya iske Malam Habibullah a soronsa, kuma ba a taɓa dafawa ba a aiko masa da kwano ba. Ƙauyen da aka ɗebo irin kuwa yanzu ba kowa a cikinsa, mutanensa sun warwatsu.

Wata damina ruwa ya yi yoyo a ɗakin ajiyar Ya Bintu, ba a lura ba sai da buhun irin ya ruɓe. Da ta zauna ta tsince ƙwaya-ƙwaya, abin da ya tsira tiya ɗaya ce. A tsohon salo wannan ko fangalin da aka saba ba zai cika da kyau ba. Sai ta tuna da maƙwabcinta da ke ta wa'azin iri kaɗan. Ta yafa mayafi, ta ɗauko kwanon, ta yi sallama a soronsa.

"Malam, ga abin da ya rage mini na Inna," in ji ta. "An ce salon nan naka ba ya cin iri. Ka duba mini yadda za a yi ya yawaita."

Malam Habibullah ya karɓi kwanon ya jinjina shi. A take lissafi ya zo masa. A sabon salo tiya ɗaya takan rufe eka ɗaya cif. Rabin tiya, rabin eka. Akwai kuma wata ƙa'ida da shi da kansa ya shekara yana nanata wa manoma har sun haddace: irin da ba ka da madadinsa, kada ka zuba shi duka a ƙasa, ka rage rabi a gida. Maganar ta zo masa har bakin harshe. Sai kuma ya hango eka guda cur, kore shar daga bakin titi har ƙarshe, a jikin gonar Alhaji Abdulgani, inda kowace motar da ta wuce sai ta gani. Rabin eka ba za ta yi wannan kwarjinin ba.

"A shuka duka, Ya Bintu," ya ce. "Da yardar Allah bana sai kin rasa inda za ki zuba."

Ta yi godiya ta ɗauki kwanonta ta tafi. Daga wannan ranar laifinsa ya fara, kuma ya sani tun yana faɗa.

Aka yi reno a noman rani, ya fito gwanin kyau. A kwana na goma aka ja igiya mai ƙulle-ƙulle aka dasa, ƙwaya ɗaya a kowane ƙulli, Malam yana kan gaɓa yana nuni da sanda. Alhaji Abdulgani ya zo wucewa ya tsaya ya kalla, ya girgiza kai ya ce Allah ya ba da sa'a, da muryar da ke nufin akasin haka.

Bayan kwana goma sha biyu Malam ya koma dubawa. Ranar Juma'a ce, kuma yana son ya dawo Fagge kafin a hau mumbari, don haka da kayan masallacinsa ya je. Shinkafar ta kama ƙasa, ta miƙe, ƙasar kuma baƙa ce wuluk, laka sosai ga mai kallo daga sama. Ya kira dattijon mai ban ruwa ya ce a janye ruwa, a bar ta kwana huɗu ta sha iska.

"Malam," in ji dattijon, "wannan gonar fa ba ta riƙe ruwa. Lakar a sama kawai take, ƙasanta rairayi ne. Da za ka ɗan shigo ka taka, za ka ji."

Malam ya dubi takalminsa, ya dubi agogo. Ya ce, "Baba, kwana huɗu ne a ƙa'ida. Kai dai ka yi yadda na ce."

Dattijon ya ce to. Ba a ja da malami, ballantana malamin da uwar gona ta aiko.

Akwai kuma abin da Malam bai ji ba. Manoman wannan layin sun yi shawara a tsakaninsu za su tare ruwa na mako guda su yashe magudanar da ta cika da ciyawa. A masallacin ƙauyen aka sanar bayan la'asar, kowa ya cika fangalinsa ya shirya. Dattijon ya ɗauka Malam ya sani, don a ganinsa ba abin da ke faruwa a harkar ruwa wanda malamin gona bai sani ba. Ranar da kwana huɗun suka cika, ranar magudana ta bushe.

Washegari dattijon ya kira Malam a waya ya ce ba ruwa, kuma ganye ya fara naɗewa. Malam yana zaune a majalisa a ƙofar gida, mutane suna jin sa. Ya ce kada ya damu, shinkafa tana jure ƙishi, saiwa ce take nutsawa ƙasa tana neman ruwa, hakan ma ake so. Ya kashe waya ya ci gaba da yi wa majalisa bayanin saiwa. Rana kuwa ranar watan Afrilu ce.

Sai a kwana na takwas hankalinsa ya ƙi kwanciya ya hau mota ya je. Tun daga titi ya san an gama. Layukan suna nan a miƙe yadda igiya ta tsara su, amma kowane tushe ya koma launin kara. A ranar ne, karon farko a rayuwarsa ta aiki, ya tuɓe takalmi ya shiga fangali. Ya tona da yatsa. Laka ba ta kai tsawon ɗan yatsa ba, ƙarƙashinta rairayi ne mai zafi. Ya yi ta fafutuka har aka samo injin ban ruwa aka jawo daga wani kududdufi mai nisa, amma ruwan a kan gawa ya zuba. 'Yan tushen da suka farfaɗo, da suka fitar da kai, ɓawo ne ba ƙwaya.

Shi ya kai wa Ya Bintu labari, don wannan kam bai iya aika wani ba. Ya ce an tare ruwa ne, ba a samu an ba ta a kan lokaci ba. Ba ƙarya ya yi ba, amma ya zaɓi gaskiyar da babu sunansa a ciki. Ta ce, "Allah bai nufa ba, Malam. Ka yi ƙoƙarinka, Allah ya saka da alheri."

Da ta zage shi da ya fi samun sauƙi.

Abin da ya fi ba shi kunya ya zo bayan mako biyu, a wajen wata jana'iza. Alhaji Abdulgani, wanda kowa ya zata zai yi masa dariya, sai ya dafa kafaɗarsa a gaban jama'a ya ce, "Malam, kada ka sa abin a ranka. Irin ne ya tsufa, ga shi ruwa ya taɓa shi a ajiya. Ko ni na shuka shi ba zai yi ba." Mutane suka gyaɗa kai. Malam Habibullah ya san renon ya fito lafiya lau, ya san ƙwayar ba ta da laifin komai. Ya bari aka ɗora wa shinkafar Inna laifinsa, ya dawo gida da mutuncinsa.

Daga nan ya canza hanya. Mutumin da ya shekara arba'in yana bi ta ƙofar Ya Bintu zuwa masallaci, sai ga shi yana zagayawa ta bakin titi, yana shan hayaƙin adaidaita sahu, yana cewa likita ya ce ya riƙa tafiya. Matarsa, Hajiya Ummakulsum, ta dube shi ta ce wannan likitan ya iya zaɓar lungu. Abinci ya daina yi masa daɗi, musamman shinkafa. Ya Bintu kuwa ba abin da ta fasa. Da Sallah ta zo ta aiko da kwano kamar kullum, da farar shinkafar kasuwa a ciki. Ya buɗe, ya rufe, ya ce a ba yara.

Sai ya shiga nema. Ya tambayi tsofaffin abokan aiki, ya je wajen masu sayar da iri, ya tare 'yan Barno masu shaguna a unguwar Bata yana yi musu kwatance: ja ce, gajeriya, mai ƙanshi. Kowa ya nuna masa ja, ba wadda ta zama ita. A ƙarshe aka tura shi wajen Felicia, wata mai sayar da hatsi a kasuwar Sabon Gari, wadda ake kawo wa shinkafar ƙauye iri-iri daga nesa. A Sabon Gari aka haife ta, Hausa a bakinta kamar ta 'yar cikin gari. Ta saurare shi, ta ce ya dawo bayan mako biyu.

Da ya dawo ta kwance masa wani ƙaramin buhun shanshera. Ya ɓare ƙwaya ɗaya. Ja ce, gajeriya, ko shi da ya karanta iri ba zai rantse ba ita ba ce.

"Daga Taraba take," in ji Felicia. "Amma Baba, wa za ka kai wa?"

Ya faɗa mata. Ya kuma faɗi abin da bai yi niyyar faɗa ba, cewa zai ce wani manomi ne ya taɓa karɓar irin a wajen marigayin mijinta, ya ajiye.

Felicia ta ɗaure bakin buhun a hankali. "Shekara ashirin ina sayen shinkafa a hannun Ya Bintu. Matar da ke gane shanshera daga ƙarar zubarta a kwano, ita za ka kai wa wannan ka ce ta uwarta ce? Ni dai zan sayar maka, amma ban ji sauran maganar ba."

Ya ɗauki buhun duk da haka. Daga Sabon Gari zuwa Fagge ba wata tafiya ba ce, amma sau biyu yana tsayawa yana gyara jimlar da zai fara da ita.

Ya iske Ya Bintu a soronta da hantsi, tana zaune a kan tabarma ta miƙe ƙafar da ke ciwo, ana shanya a tsakar gida. Suka gaisa, ta yi masa ƙorafin ya yi wuyar gani. Ya ajiye buhun ya kwance, ya soma: "Ya Bintu, akwai wani manomi a wajen Kura da marigayi ya taɓa..."

Ta riga ta sa hannu ta ɗebo. Ta murza a tafinta, ta kai hanci, ta ɗauki ƙwaya ɗaya ta gatsa. Ta ɗago ta dube shi tana jiran ya ƙarasa. A idonta babu zargi, kuma da ya ƙarasa da ta yi masa godiya. Wannan ne ya gagare shi.

"Ba ita ba ce," ya ce. "A wajen Felicia na saya. Na zo ne in yi miki ƙarya."

Da bakin ya buɗe sai komai ya fito. Ya faɗa mata irin bai tsufa ba. Ya faɗa mata dattijon ya gargaɗe shi ya ƙi shiga gonar saboda kayan Juma'a, ya faɗa mata maganar waya a majalisa. Ya bar mafi nauyi a ƙarshe. "Tun ranar da kika kawo kwanon na san ya kamata in ce ki rage rabi. Ni nake koya wa mutane haka. Na ƙi faɗa ne don ina son Abdulgani ya ga eka guda. Abin da ya cinye miki irin Inna ke nan, ba ruwa ba. Ki yafe mini."

Ya Bintu ta daɗe tana kallon ƙwayoyin da ke tafinta. A tsakar gida ana jin ƙarar mai shanya tana baza shinkafa.

"Na yafe, Malam," ta ce. "Ai ba kai kaɗai ba ne. Ranar da zan aika da irin gona, sai da na ɗebi gwangwani biyu na ƙulle a leda na ɓoye. Inna ba ta taɓa juye iri duka ba, ni ma na sani. Har mai ɗauka ya kai ƙofa sai na ce a raina, in Malam ya auna ya ga ba ta cika tiya ba, zai ce ban yarda da iliminsa ba. Mutumin da ya yi karatu, ya ce duka. Na ji kunyarka. Na kira shi ya dawo, na kwance ledar na mayar da hannuna."



Ta mayar da ƙwayoyin cikin buhun, ta kakkaɓe tafinta a jikin zane. Sannan ta tambaye shi ya jikin Hajiya Ummakulsum, ta ji an ce tana fama da mura.

Ya ce da sauƙi.